Faifan yana ciki, wasan ya ce bai gani ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau ma daga Maradi nake magana, a wani shago kusa da babbar kasuwa. Masu bibiyata sun san ni Bakatsine ne, aiki ya tsallako da ni Nijar, kodayake a garin da ake kiran sarkinsa Sarkin Katsina ba na jin kaina baƙo sosai. Bari in juyo kyamara ku ga abin da ya hana ni barci kwana uku.

Kun ga wannan kwalin? Na Alhaji ne mai shagon nan. A da yana da gidan wasan kwamfuta, a nan suna cewa ordinatar, kuma ya adana faifan wasanninsa duka, na asali, kowane da kwalinsa. Ranar Juma'a muna shan shayi a fada ya ɗauko wannan, wasan tseren mota ne, ya ce mini, "Ɗan Katsina, in ka tada mini wannan ka gama mini komai." Na ce Alhaji in sha Allahu.

A Windows 10 ko 11 wasan ba ya ko motsi, zan faɗi dalili a gaba. Sai na sa VirtualBox, manhajar da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta, na zuba Windows XP a ciki, wadda ta fito a 2001, zamanin wasan ke nan. Laftof ɗina ba shi da wurin faifai, don haka na aro na'urar karanta faifai mai igiyar USB, na kwafe faifan zuwa fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai a fayil guda, na maƙala wa XP ɗin a mazubin gizo, wato wurin faifai na cikin VirtualBox. Wasan ya shiga lafiya lau. Na danna shi, sai ga ɗan akwati ya fito yana cewa a saka faifan asali. Ga faifan a gabansa, ina iya buɗe shi in ga fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya, amma shi ya kafe bai gani ba.

Abu na farko da na tarar ƙarami ne amma yana kama mutane da yawa. In ka sa ƙarin kayan VirtualBox da ake kira Guest Additions, shi ma a siffar faifai yake shiga, kuma yakan zauna a mazubin bayan an gama da shi. Ni na ƙara mazubi na biyu don wasan, ashe wasu tsofaffin wasanni mazubi na farko kawai suke leƙawa. Na cire shi, na bar ɗaya. Ku kuma tabbata mazubin a kan IDE yake, wato tsohuwar hanyar haɗa faifai da kwamfuta, domin XP ba ta zo da direban SATA a cikinta ba, wato manhajar da za ta sa ta gane sabuwar hanyar. Na gyara duka biyun, akwatin nan bai fasa fitowa ba.

A nan na zauna na buɗe faifan da kyau. Ku matso ku ga allon. Kun ga fayil ɗin nan mai suna 00000001.TMP, ga kuma drvmgt.dll da secdrv.sys? In kun ga waɗannan, faifan yana ɗauke da kariyar hana kwafi da ake kira SafeDisc, ta kamfanin Macrovision. Akwai 'yar'uwarta SecuROM, akwai StarForce. Yadda SafeDisc take aiki ya burge ni ƙwarai. Tun a masana'anta ake dasa wasu gurabu a jikin faifan waɗanda da gangan aka yi su ba sa karantuwa daidai. In wasan zai tashi sai ya aika a taɓo waɗannan guraban. In ya ji su yadda ya san su, ya yarda faifansa ne. In ya tarar da wurin sumul, ya san kwafi aka kawo masa. Kamar mai shanu ne da ke gane sansa da tsagar kunne, duk kamar da wani sa zai yi da nasa sai ya shafa kunnen.

Shi kuwa ISO fayiloli kawai yake ɗebowa. Kowane gurbi a jikin CD bayit 2352 ne, ISO yana ɗaukar 2048 na bayanai ya bar sauran. Ba ya ɗauko waɗancan alamomin, ba ya kuma ɗauko waƙoƙin da wasu wasannin ke ajiyewa a layin sauti daban. Shi ya sa za ka ga wasa ya shiga daga ISO ba gardama, wurin tashi ya tubure. Dalilin da ya sa kuma ba ya tashi a sabuwar Windows shi ne tun 2015 Microsoft ta daina barin direban nan secdrv.sys ya yi aiki saboda matsalar tsaro.

To, sai na ajiye ISO. Na sa faifan gaske a na'urar, na ce wa VirtualBox ta yi amfani da na'urar da na jona wa laftof ɗin, na kunna wurin da aka rubuta Passthrough, wanda ke barin umarnin wasan ya wuce kai tsaye zuwa na'urar. Wannan karon na ji faifan ya ɗauki gudu, raina ya yi fari. Ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sai shiru. Wasu hakan yana yi musu, ni bai yi mini ba.

Kafin in ci gaba na fiddo faifan na ɗaga shi a rana. Ƙurar hunturun Maradi ta shekaru ta kwanta a kansa, ga shatin yatsa. Wasan da ke neman alama ƙanƙanuwa haka, datti kaɗan ya isa ya ruɗa shi. Da ƙyalle mai laushi ake gogewa, daga tsakiya zuwa baki, a miƙe. Don Allah kada ku goge a zagaye, in kuka ja zane a kan layin bayanan kun yi ɓarna.

Abin da ya warware maganar jiya da dare ne, bayan an dawo da wuta, ko in ce kuran kamar yadda 'yan nan ke faɗa. Tunda na'urar ta USB ce, me zai sa in bi ta tsakiya? Na shiga saitin USB na VirtualBox, na miƙa wa XP na'urar ɗungurungum. Nan take ta ɓace daga laftof ɗin ta bayyana a cikin XP, kamar an soka ta a tsohuwar kwamfuta ta gaske. In VirtualBox ɗinku ta kai 7.0, USB 2.0 yana ciki, waɗanda suka girme ta sai an ƙara musu wani ƙarin kayan VirtualBox mai suna Extension Pack.

Saura ƙiris ɗaya. Na shigar da wasan daga harafin D, na'urar kuma ta fito a E, shi kuwa ya rubuta a ransa D ne gidan faifansa. Na cire mazubin gizon gaba ɗaya, na shiga wurin sarrafa faifai na XP na mayar da na'urar D. Na danna. Faifan ya yi ƙara, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ga ƙugin injin mota a lasifika.

Roƙona gare ku guda: XP ɗin nan ku yanke mata intanet, tun Afrilun 2014 aka daina yi mata gyaran tsaro. Wasan ba ya buƙatarsa.

Ga Alhaji nan ya shigo. Alhaji barka da yamma, bismillah ga kujera. Ku dubi hannunsa, yatsun sun je kan maɓallan da kansu tun ban nuna masa ba. Yaran shago duk sun baro aiki sun tsaya a bayansa. A ƙasan kwalin akwai wasu faifai biyu na zamanin Windows 98 masu waƙa a layin sauti, su sai na kwafe su a BIN da CUE, irin kwafin da ke ɗauko har da waƙar, wataƙila ma in gwada 86Box, wata manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. Alhaji, a hankali da kwanar nan, akwai gada a gaba.