Boilar Gidan Haya a Birtaniya: Wane Maɓalli Ne Ke Cin Kuɗin Gas?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon na 'yan'uwanmu ne da suka zo Birtaniya karatu ko aiki, suka tarar da wani farin akwati a bangon kicin, ba mai taɓa shi sai bil ɗin gas na watan Janairu ya iso hankali ya tashi. Wannan ita ce boila. Ita ke dafa ruwan da ke bin bututu zuwa rediyetocin ɗakuna, wato ƙarafan jikin bango da ke ɗumama ɗaki, ya huce, ya komo mata ta sake dafa shi.

Mu fara da tamostat, wannan ɗan abin da ke jikin bangon falo ko barandar ciki. Mutum ya dawo daga aiki jikinsa na ɓari, sai ya murɗa shi zuwa 30 wai don ɗaki ya yi saurin ɗumi. Ba zai yi ba. Tamostat ba ya ƙara wa boila wuta, iyakarsa ya gaya mata inda za ta tsaya. In kun sa 30, da saurinta na kullum za ta tafi, sai dai ta wuce inda kuke so tana ta ƙona gas. Ku bar shi tsakanin digiri 18 da 21. Gidan da ke da jariri, tsoho ko mara lafiya, kada ya sauka ƙasa da 18.

To, yanzu ku matso kusa da boilar kanta, don nan ne na fi so mu daɗe. Za ku ga maɓalli biyu. Mai hoton famfo na ruwan wanka ne da wanke-wanke. Mai hoton rediyeta shi ke ƙayyade zafin ruwan da ke fita zuwa ɗakuna, kuma sau da yawa za ku same shi a kan 70 ko 80, yadda mai haɗawa ya bar shi.

Ga abin da ya sa wannan asara ce. Tun shekarar 2005 doka a Ingila da Wales ta ce kusan duk sabuwar boilar gas sai ta zama irin mai ƙwato zafi daga tururin hayaƙinta. Kun san yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya ya koma ɗigon ruwa? A lokacin da yake komawa ruwa yana sakin zafi, boilar kuma ta kama shi maimakon ya fice ta bututun hayaƙi. Amma hakan ba ya yiwuwa sosai sai ruwan da ke dawowa daga rediyetoci ya sauka ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka. In kun tura shi a 80, da zafinsa zai dawo, tururin ya tafi waje da kuɗinku. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar Nesta ta yi ta kiran mutane su sauke wannan maɓallin zuwa 60.

In kun sauke shi, rediyeta ba za ta yi zafi kamar da ba, kuma ɗaki zai ɗan jima kafin ya ɗauki ɗumi. Ba lalacewa ta yi ba. Ku saita agogon boilar ta tashi da wuri kaɗan kafin ku farka. Ranar da sanyi ya tsananta gida ya ƙi ɗumi, ku ɗaga zuwa 65, in ya lafa ku mayar.

Sai dai ku saurara da kyau: wannan shawarar ta boilar kombi ce, wadda ba ta da tankin ruwan zafi. In akwai tanki a kabad ɗinku, ruwan cikinsa dole ya riƙa kaiwa digiri 60 saboda ƙwayar cutar Legionella da ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Wannan sai da ma'aikacin gas.

Abin murɗawa mai lambobi a gindin kowace rediyeta kuwa, na ɗakinsa ne kaɗai. Ɗakin kwana 2 ko 3 ya isa. Ɗakin da ba kowa ku sa 1 ku ja ƙofa, kada ku kashe gaba ɗaya, don bango mai sanyi da danshi shi ke kawo baƙar fumfuna. Ɗakin da tamostat yake, ku buɗe rediyetarsa duka.

Ku riƙa duba allurar matsin ruwa, ta zauna tsakanin 1 da 1.5 in boila ta huce. Rediyetar da ƙasanta ke da zafi samanta sanyi, iska ce ta maƙale. Ɗan makulli ake sawa a kusurwar sama a sassauta har ruwa ya fara ɗigowa, sannan a ɗaure.

Murfin boila kuwa kada ku kwance shi, aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar ma'aikatan gas da doka ta amince da su, kuma wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba ta duk shekara ya ba ku takardar shaida. Don Allah, komai tsadar gas, kada ku shigo da kaskon gawayi ɗaki kamar yadda wasu ke yi a gida lokacin hunturu, kada kuma ku kunna murhun girki don ɗumama gida. Gidajen nan a toshe suke, kuma iskar gubar da ke fita ba ta da wari, a cikin barci take kisa. In kuma kun ji warin gas, ku buɗe tagogi, kada ku taɓa makunnin lantarki, ku fita waje ku kira 0800 111 999.