Sharhi: Verónica Castro, matar da ta hana Meksiko barci

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Waɗanda suka ɗan manyanta ba za su manta da Mariana ba, baiwar Allahn nan mai yawan hawaye a wasan The Rich Also Cry, wanda ya riƙa tara gida guda gaban akwatin talabijin a Najeriya. Sunanta na gaskiya Verónica Castro, haifaffiyar birnin Meksiko a 1952. An yi wasan tun 1979, kuma ita ce da kanta ta rera waƙarsa, Aprendí a llorar, wato "na koyi kuka".

To amma mu kukan kawai muka sani. A ƙasarta mawaƙiya ce mai faya-fayai da dama, waƙarta Macumba ta zaga ko'ina. A ganina kuwa, inda ta fi nuna gwaninta shi ne gabatar da shirin mawaƙa.

A 1988 gidan talabijin na Televisa ya ba ta wani shirin dare mai suna Mala noche... ¡no!, ana watsa shi kai tsaye. Mawaƙi zai zo da makaɗansa, su taɓa hira, ya tashi ya rera, ya dawo ya zauna a ɗora daga inda aka tsaya. Ba ta yi wa baƙo gaggawa, domin ta san abin da ake ji idan an tsaya gaban jama'a da makirufo a hannu. Daren da shahararren mawaƙin Meksiko Juan Gabriel ya zo, shiri ya ƙi ƙarewa. Yana gama waƙa ana roƙon wata, ita kuma tana ƙara zuga shi, har gari ya waye. Mutanen Meksiko ba su daina ba da labarin wannan dare ba.

Wannan haƙuri nata ne ke burge ni. Ta ba waƙa lokacinta, ta girmama masu yin ta. Shi ya sa a 1991, a shirinta La Movida, ko María Félix, babbar tauraruwar fim da ta yi suna wajen ji da kai, ta zo ta zauna ta saki jiki da ita.

Ɗanta Cristian Castro ya gaji muryar, ya zama babban mawaƙi. Ita ma ba ta ɓace ba: a 2018 ta sake fitowa a wasan La casa de las flores na Netflix, tana da shekara 65.