Addu'ar Safe a Garin da Babu Mai Tashin Ka

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana na Sakkwato, na Mabera da na Gawon Nama da duk inda kuke kallon wannan bidiyo. Ina magana da ku daga birnin Mancista na ƙasar Ingila, kuma hasken da kuke gani a bayana na fitila ne, domin a watan Disamba rana ba ta fitowa a nan sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi.

Kiristan da ya tashi a Sakkwato yana da wata gata da ba ya lura da ita sai ya bar gida, wato gari ne da kansa yake tashin sa. Tun da sauran duhu ladanai suke kiran sallar asuba daga masallatan unguwa, zakaru su amsa, sai ka ji ana buɗe ƙofofi ana zuba ruwa a buta. Mahaifiyarmu takan buga mana ƙofa ta ce maƙwabta sun tashi neman Allah, ba zai kyautu mu rana ta same mu a kwance ba. Sai mu taru a tsakar gida, ko da a tsakiyar hunturu ne muna ƙudundune cikin mayafi, a yi waƙa, Baba ya karanta aya, kowa ya yi addu'a daga babba zuwa auta.

A nan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tagogi a rufe suke, maƙwabcinka bai san sunanka ba, rana ma ba abin dogara ba ce, tunda a watan Yuni tana fitowa kafin ƙarfe 5. Idan mutum bai yanke wa kansa lokacin ganawa da Ubangiji ba, sai ya wayi gari ya ga mako ya wuce bai buɗe Littafi Mai Tsarki ba, alhali bai taɓa ƙudurta barin addu'a ba.

Ayar da ta riƙe ni ita ce Markus 1:35, inda aka ce Yesu ya tashi da asussuba, ya fita zuwa wurin da babu kowa, ya yi addu'a. Ku karanta abin da ya gabata: daren jiya dukan garin Kafarnahum ya taru a bakin ƙofa da marasa lafiya, kuma da gari ya waye su Bitrus suka bi sawunsa suna gaya masa cewa kowa yana neman sa. Ashe yawan aiki bai hana shi ba, shi da ya fi mu masu nema. Haka kuma a Fitowa sura 16, Isra'ilawa sukan tattara manna, wato abincin da Allah ya ba su a jeji, kowace safiya, idan rana ta yi zafi sai ta narke, wanda kuma ya ɓoye ta jiya sai ta yi tsutsa. Albarkar sujadar Lahadi ba za ta kai mutum Alhamis ba idan bai tattara na kowace rana ba.

Babban abokin hamayya shi ne waya. Da damina ko rani, saƙonnin gida ba sa jira, kuma a wannan lokaci na sanyi agogon Nijeriya yana gaba da namu da awa ɗaya, saboda haka kafin in farka WhatsApp ya cika da maganar kuɗin makaranta, da rashin lafiya, da labarin 'yan bindiga a wajen Isa da Sabon Birni. Wanda ya fara da su, da tashin hankali zai durƙusa. Shi ya sa nake barin wayar a kicin, in karanta Zabura ɗaya da Hausa, in gode, in roƙi gafara, sannan in ɗauko saƙonnin in kai su gaban Allah da sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya.

Na san da yawa cikinmu suna shiga taron addu'ar asuba da ake yi ta intanet, kuma ban raina shi ba. Sai dai, a ganina, sauraron fasto yana addu'a alhali kana guga ba daidai yake da shiga ɗaki ka rufe ƙofa ba, kamar yadda Matiyu 6:6 ta koya mana. Tsawon addu'a ma ba shi ne kusanci ba. Minti goma da hankali a tattare ya fi awa guda ana gyangyaɗi.

Ku kuma masu aikin dare a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, kada zuciyarku ta hukunta ku don asuba tana samun ku a bakin aiki. Idan ƙarfe 3 na rana kuke farkawa, to nan ne safiyarku, ku ba Ubangiji farkonta kafin ku taɓa waya ko ku ɗora ruwan shayi.