Jawabin maraba ga baƙuwarmu, muryar harshen Welsh a rediyo da talabijin

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa Hausawa mazauna Cardiff da waɗanda suka yo sammako daga Swansea da Newport, sannunku da zuwa.

Ranki ya daɗe, lale marhabin. A bakinku "croeso" ake cewa, mun sha ganinta a ƙofar asibiti da tashar jirgi. In don gaskiya ne mu ne baƙi a ƙasarki, yau ɗaya dai muka ari tabarmar mai gida muka shimfiɗa miki.

Jama'a, wannan baiwar Allah 'yar manoma ce daga arewacin Wales, inda tumaki suka fi mutane yawa. Da Welsh aka yi mata tawai, da shi aka yi mata faɗa. Tana budurwa ta shiga aikin rediyo, daidai lokacin da BBC ta buɗe Radio Cymru ranar 3 ga Janairun 1977, zamanin da Hywel Gwynfryn ke tashin mutane da shirin safe. Ita kuwa rakoda ta rataya, tana bin kasuwar dabbobi da coci-coci da filin Eisteddfod, gasar waƙa da mawaƙa ta shekara-shekara, tana sa tsofaffi magana. Wanda ya taɓa miƙa wa tsoho makirufo ya san ba ƙaramin haƙuri ake yi ba.

Gidan talabijin ɗin da ta koma daga baya, S4C, ba a ruwan sanyi aka same shi ba, kuma nan nake so mu ɗan tsaya. Jam'iyyar Margaret Thatcher ta yi alkawarin tasha ta Welsh, ta hau mulki a 1979 ta janye. Mutane suka ƙi biyan kuɗin lasisin talabijin, wasu har kurkuku. A 1980 sai dattijo Gwynfor Evans, shugaban jam'iyyar Plaid Cymru, ya ce zai daina cin abinci har ya mutu in ba a cika alkawari ba. Gwamnati ta sauko tun bai fara ba. Ranar 1 ga Nuwamban 1982 tashar ta kama aiki. Dattijo ya sa ransa a kan tashar talabijin! Da na fara jin labarin dariya na yi, sai da na zauna a ƙasar nan na daina.

Ranki ya daɗe, kakanninki sun san "Welsh Not", ɗan katakon da ake rataya wa yaro a wuya in ya yi harshen uwarsa a aji. Mu ma mun san ɗan'uwansa. A makarantar kwanan da na yi, kalmar Hausa ɗaya ta ja mini tara da sharar fili.

Ƙidayar 2021 ta ce masu jin Welsh a Wales 538,300 ne, ba su kai mutanen wasu ƙananan hukumomin Kano ba, amma gwamnatinku na neman miliyan ɗaya kafin 2050. Mu muna da miliyoyi barjat, BBC na magana da Hausa tun 1957, ga shi kuma rannan 'yata ta dawo daga makaranta ta gaishe ni da "bore da", na ce mata "ina kwana", ta tsaya tana kallona.

Saboda haka roƙonmu guda ne. Muna da samari da 'yan mata da ke son ɗaukar hirar iyayenmu da Hausa kafin ƙasa ta rufe ido. Ki ba su yini ɗaya, ki nuna musu yadda ake zama gaban tsoho har ya saki baki.

An dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, an kuma rage yaji saboda ke. Allah ya ƙara lafiya, ya mai da ke gida lafiya. Bismillah, ga makirufo, ke ce gwanarsa.