Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna daga Malamai da Ɗaliban Kimiyyar Sinadaran Jiki 'Yan Arewa Mazauna Legas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Iyayenmu sarakunan Hausawan Legas. 'Yan tawaga da sauran manyan baƙi, barkanku da zuwa Ikko, sannunku da hanya. Ayyukanka sun riga ka isowa garin nan, ranka ya daɗe, kuma ware mana sa'a guda cikin wannan gajeriyar ziyara karamci ne irin wanda aka san ka da shi.

Za mu fara da abin da ya fi damun mu. Muna roƙon firiza ta ɗakin gwaji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, tare da sola da batir da za su riƙe ta dare da rana.

Bahaushe ba baƙo ba ne a Legas. Kakanninmu fataken goro da shanu sun yi zango a Agege har ya zama gida, sa'annan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912 sai hanya ta ƙara buɗewa. Yau ma shanunmu ake yankawa a mahautar Oko-Oba, tumatir da albasarmu ake saukewa a Mile 12. Duk da haka, in aka ce Bahaushe a garin nan, mai gadi ko ɗan acaba ko mai suya ke faɗo wa mutane a rai. Sana'o'i ne na halal, da guminsu aka biya wa yawancinmu kuɗin makaranta. Abin da ke yi mana ciwo shi ne a ɗauka iyakarmu ke nan, alhali ilimin da muke bincike a kai, babban ɓangarensa a kan zuciyar shanu aka gina shi.

A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai maitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samar da ATP, makamashin da zuciya ke bugawa da shi. Tantani biyu gare ta, kuma enzayim ɗin da ke wannan aiki, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, a cikin maiƙon tantanin ciki suke dashe. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan maiƙo kadiyolifin ne, wanda Mary Pangborn ta ware daga zuciyar sa a Amurka a 1942. Jela huɗu ta kitse gare shi, sauran 'yan uwansa biyu-biyu, kuma a zuciya galibin jelolin asid ɗin linoliyik ne, irin wanda ke cikin man gyaɗa.

A farkon shekarun 1960 Sidney Fleischer da abokan aikinsa a Wiskonsin suka wanke maitokondiriyar zuciyar sa da asiton mai kashi 10 cikin ɗari na ruwa. Maiƙo ya fita, furotin na nan, amma aikin miƙa ilektiron, wanda da shi ake ƙona abinci da oksijin, ya tsaya cak. Da suka mayar da maiƙon tare da ko'enzayim Q, wani sinadari mai ɗaukar ilektiron, sai aiki ya farfaɗo. Enzayim na ƙarshe a wannan layi na miƙa ilektiron, saitokurom si oksides, yana rasa ƙarfinsa idan aka raba shi da kadiyolifin ɗin da ke manne da shi. Furotin mai fitar da ATP ya shigo da ADP, wanda daga shi ake yin ATP, kadiyolifin guda uku yake riƙewa a jikinsa. Wani enzayim kuma, mai sarrafa sinadarin kiton da jiki ke ƙonawa lokacin azumi, wani maiƙo mai suna lesitin yake so, ba ya motsi sai da shi.

Maganar ta kai har gadon asibiti. Ciwon Barth, wanda aka bayyana a 1983, galibi yara maza yake kamawa, jikinsu ba ya iya gyara jelolin kadiyolifin, sai zuciya ta yi rauni tun suna jarirai. Doksorubisin, maganin ciwon daji da ake bai wa mata masu ciwon dajin nono, yana manne wa kadiyolifin, kuma wannan na cikin dalilan da yake taɓa zuciya.

Ga inda sanyi ya shigo, ranka ya daɗe. Da asuba ake karɓo zuciya a mahauta da ɗuminta, a binne ta cikin ƙanƙara nan take. A cire kitse da jijiya, a yayyanka, a niƙa cikin ruwan sukuros mai ƙarfin mola 0.25 da pH 7.4. A juya a injin juyi da ƙarfin g 600 zuwa 1,000 na minti goma, tarkace ya kwanta. A kwashi ruwan sama a sake juyawa a wajen g 10,000, sai wani laka mai ruwan ƙasa ya taru a gindin kwalba. Ita ce maitokondiriyar. Duk wannan a digiri 4 ake yi. Da ta ji ɗumi, enzayim masu yanka maiƙo za su saki kitse, tantani ya fara yoyo, oksijin na ƙonewa ba a samun ATP. Shi kuwa linoliyik, iska na lalata shi kamar yadda man gyaɗa ke canza wari in an bar shi a buɗe. Awon oksijin da maitokondiriya ke ƙonawa dole a gama shi cikin 'yan sa'o'i. Sauran samfuri sai a raba ƙananan kwalabe a daskarar.

Firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifili ba ta tsayar da wannan lalacewa, rage mata gudu kawai take yi. In aka ɗauke wuta samfuri ya narke, aka dawo da ita ya sake daskarewa, ƙanƙara na tsaga tantani, maiƙo na ƙara lalacewa. Ɗalibi zai auna enzayim ya ga ƙarfinsa ya faɗi, ya rubuta cewa maganin da yake gwadawa ne ya jawo, alhali rashin wuta ne. Sakamakon ƙarya ke nan daga hannun yaro mai gaskiya, kuma aikin wata shida na iya tafiya a dare ɗaya. Shi ya sa muka haɗa roƙon firiza da na sola, da inbata, da na'urar daidaita wuta don kada kwamfuresa ta ƙone, da na'urar sanyaya ɗaki, domin firizar zafi take fitarwa sosai.

Akwai wasu buƙatun: injin juyi mai sanyaya kansa, tukunyar iskar naitirojin don adana maiƙon da aka tatso, da tallafin karatu ga 'ya'yan jiharka da ke digiri na biyu da na uku a nan, musamman mata. Waɗannan za su iya jira. Mahautanmu sun ɗauki nauyin zuciyar sa, masu aikin a shirye suke, ɗakin ma an tanada. In ɗaya kawai za a yi mana, ranka ya daɗe, firizar nan da wutarta muke roƙo, kuma takardar bayaninta na hannun sakatarenka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai ka gida lafiya tare da tawagarka. Wassalamu alaikum.

Shugaba da Sakatare, a madadin Kwamitin Tarba.