Ƙahon Faransa: Da Kunne Ake Fara Koyo

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga birnin Kano. Yau hirar busa ce, ga Malam Sani riƙe da ƙahon Faransa a cinyarsa. Yaya Bashir, kai ka matsa a yi wannan hira, bismillah.

Bashir: Malam, me ya sa mabusa ke cewa duk cikin kayan tagulla babu mai wuyarsa?

Malam Sani: Tsawonsa ne, Bashir. Da za a warware bututun nan, ɓangarensa mafi tsawo, wanda ake kira F, shi kaɗai ya kai mita 3.7, tsaran kakakin da ake busa wa Sarki ran Hawan Daushe. Mu kuma yawanci a sama muke busa, inda sautuka suke manne da juna. Da dannawa ɗaya kana iya fitar da sauti da yawa. Leɓe ya ɗan goce, sai ka faɗa kan na kusa da wanda kake nema.

Hadiza: To ina amfanin makullan da kake dannawa da hagu?

Malam Sani: Suna taimakawa ƙwarai. A Jamus aka yi musu rajista a 1818. Kafin nan da hannun dama ake gyara sauti, a cusa shi cikin faffaɗan bakin, kuma har yau can hannun yake zama. Manyan kaɗe-kaɗe huɗu da Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Ostiriya, ya rubuta wa ƙahon nan duk a wancan zamani ne. Sai 1897 kamfanin Kruspe ya haɗe ƙaho biyu cikin ɗaya, dogon na F da wani gajere da ake kira B mai sassauci, don a samu sauƙin hawa sama. Amma makulli ba ya zaɓar maka sauti.

Bashir: Ke nan ta ina kake fara wa ɗalibi?

Malam Sani: Ta murya. Ya rera sautin tukuna. Idan bai ji shi a kansa ba, ba zai same shi a leɓe ba. Daga nan sai ɗan bakin busar shi kaɗai, minti 10 kullum, sannan dogayen sautuka. Abin da ke damuna shi ne masu danna ƙarfen da ƙarfi a leɓe don su kai sama. Yaro zai kai yau, gobe leɓe ya kumbura. Ga kuma hunturunmu: leɓe ya tsage, ƙura ta shiga makullai. Man kaɗanya da dare, man makulli da safe.

Hadiza: Malam, wanda ya ƙware fa, ina ya nufa?

Malam Sani: Akwai badujalar soja da ta 'yan sanda, akwai makarantar koyon kiɗa ta MUSON a Legas. Manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka kuwa bayan labule suke gwaji, alƙalai ba sa ganin fuskarka. Gajerun sassa za ka busa, cikin 'yan mintuna ka ji an ce an gode.

Bashir: Idan sauti ya tsage a farko, shi ke nan?

Malam Sani: A'a. Alƙalan mabusa ne, sun san ƙahon. Suna sauraron ko za ka riƙe kari da daidaiton sauti bayan tsagewar. Shi ya sa nake hana ɗalibaina tsayawa in sun kuskure, sai sun kai ƙarshe, kuma a gaban mutane.

Hadiza: To Malam, ɗauko shi ka busa mana, masu sauraro su ji da kunnensu.