Fodkas ɗin Bakin Gareji: Kukan Birkin Baya a Tsohuwar Fijo 504

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna. Bashir ne, tare da Malam Ɗanjuma bakanike da Injiniya Rabi. Yau kukan birkin baya za mu tattauna, kuma 504 za mu sa a gaba, tunda a nan Kakuri kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a 1975, har yau kuma ba ta ƙare a titi ba. Malam, mutum ya zo ya ce bayan motarsa na kuka, daga ina ake farawa?

Malam Ɗanjuma: Daga kunne, Bashir, kafin a ɗauki sifana. Ka tambaye shi yaushe take kukan. In da safe ne kawai, taki biyu ko uku ya ɗauke, tsatsa ce ta kwana a cikin dram, wato kwanon ƙarfen birki da ke juyawa tare da taya, musamman da damina. Wannan ba ciwo ba ne. In kuwa ba ya ɗaukewa, a samu hanyar da babu cunkoso, ana tafiya a hankali kamar kilomita 20 a awa, a ɗan ja hanbirki da maɓallin a danne. Hanbirki baya kaɗai yake kamawa. In ƙarar ta fito, to a baya take. In shiru, a koma gaba, don sau da yawa kunne na yaudarar direba.

Injiniya Rabi: Kuma a bambanta shi da kukan boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, Malam. Boris gurnani yake yi, yana ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in an karya kwana, ko an taka birki ko ba a taka ba. Sannan ba kowace 504 ke da dram a baya ba. Salun ɗin da ta fara fitowa a Faransa a 1968 birkin faranti ne da ita a ƙafa huɗu. Wagon da fikof kuwa dram ne, kuma a kansu muke magana.

Bashir: To an tabbatar baya ne. Sai a cire taya?

Malam Ɗanjuma: A sa waigi a tayoyin gaba, a ɗaga, a tokare da abin tokara mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. A saki hanbirki. In dram ya ƙi fita, kada a sa masa guduma da ƙarfi. Bakinsa ne ya yi tudu saboda cin da shu, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke matse dram daga ciki, ya yi masa, sai a sassauta abin saiti shu ya ja baya, ya zaro cikin sauƙi. Kuma a buɗe ɓangarorin biyu, amma a kwance ɗaya kawai, ɗayan ya zama abin dubawa wajen mayar da sifirin.

Injiniya Rabi: Ƙurar da ke ciki fa, kada a hure ta da baki ko da iskar falkanaiza. Tsofaffin layinin, wato abin da ke manne a fuskar shu yana goga dram, suna da sinadarin asbestos, kuma yana lalata huhu. A fesa ruwan wanke birki, a goge da tsumma mai danshi.

Bashir: Injiniya, me ido zai fara nema?

Injiniya Rabi: Kauri. In layinin ya kusa milimita 1.5, ya gama aiki. In mai rifit ne kuma kan rifit ɗin ya fara leƙowa, shi ke kartar dram, shi ne ƙarar ƙarfe kan ƙarfe da ake ji. Amma akwai wanda kaurinsa na nan, fuskarsa ce ta yi sheƙi kamar madubi saboda zafi. Shi ke kawo siririn kukan nan mai shiga haƙori. A goge shi da sanfefa lamba 80 ko 120, a goge cikin dram ɗin ma, sannan a ɗan zaftare bakin layinin sama da ƙasa ya zama gangare, don kada ya riƙa cafkar dram.

Malam Ɗanjuma: Ni dai inda nake so a daɗe shi ne jiƙa. Ka ɗaga robar ƙura ta fot, wato silindar da ke tura shu. In ka ga danshi a ƙarƙashi, fot na yoyo. In kuma baƙin maiƙo ne mai kauri mai wari, man giya ne ya tsallako daga sil ɗin aksil, wato robar da ke tare mai. Shu ɗin da ya sha mai yana fizga, yana ƙugi, mota na ja gefe. Abin da wasu yara ke yi, su wanke shi da fetur su cinna masa wuta wai ya bushe, aikin banza ne. Man ya shige ciki, da ya ɗau zafi zai sake tsattsafowa. A sauya shu, kuma na ƙafa biyu tare.

Bashir: Amma Malam, in an sa sabo ba a toshe yoyon ba...

Malam Ɗanjuma: An zubar da kuɗi ke nan. Ko sil ɗin ma, kafin a sa sabo a duba ƙofar numfashin aksil. Ƙurar hunturu da laka na toshe ta, iska ta taru ciki in ya yi zafi, ta turo mai ta sabon sil ɗin. Ƙaramin abu ne da ba a cika kula shi ba.

Injiniya Rabi: Fot kuma, in cikinsa ya yi ramuka na tsatsa, sabuwar roba ba za ta riƙe ba, sai dai sabon fot. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Masu zuba ruwan sabulu a madadinsa kuwa, da hannunsu suke rubar da fot da bututu. Kuma kada fetur ko man inji ya taɓa robar, kumbura take yi.

Bashir: Akwai wani ƙas-ƙas da ake ji daidai lokacin taka birki ko sakinsa.

Injiniya Rabi: Duba farantin da shu ke zaune a kai. Akwai 'yan tudu inda gefen shu ke zamewa, yawanci uku ga kowane. In sun bushe ko sun yi rami, shu na maƙalewa ya fizge. A goge su, a shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kada ya kusanci layinin. Sifirin da ya saki ko ƙusar riƙe shu da ta karye su ma suna kawo shi. A tafi Panteka da tsohon a hannu, a gwada tsayi da lanƙwasa, don kama da wane ba ta wane.

Malam Ɗanjuma: In kuma feda na harbawa a ƙafa, ƙarar na zuwa tana tafiya da juyawar taya, dram ya bar da'ira. Masu injin gurza ƙarfe za su share shi, amma akwai iyakar faɗi da ake bugawa a jikinsa. In ya wuce ta, a nemi wani.

Bashir: Saiti fa?

Malam Ɗanjuma: Shu ake fara saitawa, sannan wayar hanbirki. Masu ɗaure waya don rufe gibin shu su ke sa birki ya riƙa goga. A matsa har taya ta kama, a sassauta har ta juya da ɗan shafa kaɗan. In an buɗe fot, a fitar da iska har feda ta yi tauri. Sannan a fita gwaji, daga kilomita 50 a rage zuwa 10 a hankali, kamar sau goma, ana ba shi tazara ya huce. In an dawo, a kai hannu kusa da kowane dram ba tare da an taɓa ba. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai yana riƙewa, sai a sake duba saitinsa, da fot, da wayar hanbirki ta wannan gefen.